Kudin cefane baya kai mu ashirin ga wata, ku ta ina kuke ragewa?

Maman Husna: Slm yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen wadanda suka dade a kasar nan ta Saudiyya. Maigida yana daukan riyal 4,500 a wata, mu biyar ne, ni da shi da yara uku, muna nan Makka wajen Shara Mansur. Wlh kafin ashirin ga wata kudin cefane ya kare sai mu koma daftarin bashin mai bagala, wato mai shagon unguwa, albashi ya shigo a biya shi a sake sabon lale. Kuma ba wani cin dadi muke ba, shinkafa ce da kaza sai tuwo ran juma'a. Ni dai na rasa inda kudin yake bi

Anti Rabi Madina: Wslm kanwata. Kafin komai ki rufe daftarin nan. Mai bagala ba mugu bane amma shima sari yake a inda ke ma zaki iya zuwa sannan ya dora ribarsa, kuma sharrin daftari shine baka jin zafin fitar kudin, yaro ya ruga ya karbo laban da biskit da lemo ace a rubuta, anjima kaninsa yaje shima a rubuta, gobe ma haka, sai karshen wata ya bude miki shafi kiga abubuwan da ke kanki baki san an ci su a gidanki ba

Sani Direba Riyad: Hajiya nawa kuke biyan haya, sannan kudin murafikin, wato wanda ake biya wa hukuma kan kowane iyali da ke karkashin mutum, waye ke biya, ku ko kamfani?

Maman Husna: Haya 1,100 take kamawa a wata amma wata shida shida muke biya. Murafikin mu ke biya, kamfani igamarsa, wato katin izinin zamansa, kawai suke sabuntawa. Sannan yana turawa gida ko 500 ne

Sani Direba Riyad: To ai kin amsa tambayarki da kanki. Kai hudu ne a karkashinsa, kowane kai 400, 1,600 kenan a wata, 19,200 a shekara. Ki hada da haya da na gida 3,200 sun tafi kafin a sayi ko gishiri. Saura 1,300 shine abinci shine kahraba (wuta) shine benzin (man mota) shine shahan (kati) din waya shine asibiti. Ba barna kike ba, kudin ne babu. Lokacin da aka fara wannan kudin a Yulin 2017 dari ne kacal kowane kai, kowace shekara a kara dari har ya tsaya a 400 a 2020, kuma a Yulin 2020 din ne aka maida VAT daga 5 zuwa 15 cikin dari. Ni tunda naga inda aka dosa na maida nawa Zariya, abin da zan biya na kawunansu kawai ya ishe su ci da makaranta

Ummu Khalid Jidda: Malam Sani kar ka fara. Baiwar Allah ta tambayi yadda zata rage cefane kai kana neman raba ta da mijinta. Ku maza da an taba sai a maida iyali gida, ku kuma ku zauna kuna cin burost kullum dare kuna cewa kuna tattali

Sani Direba Riyad: Hhhh Allah ya baki hakuri Hajiya, lissafi kawai nayi

Hajiya Iya Jarwal: Assalamu alaikum, jikata ce ke rubuta min. Yar nan ki saurara. Mu nan aka aurar da mu nan muka aurar, kuma da kudin da bai kai naku ba muka raini yara tara. Abu na farko kar ki kara sayen kayan miya a kilo. Ki samu makwabta biyu ku hada kudi, mijin daya daga cikinku ya kai ku halagar Ka'akiya, kasuwar sarin kayan miya, kuma ba da asuba ba lokacin masu mat'am, wato gidajen abinci, suna rububi, ku bari sai rana ta dan daga masu kaya suna son tashi, lokacin kwalin tumatir da aka ki sallamawa da safe za'a bar muku shi. Ku dauki tumatir da albasa da tattasai da dankali ku raba uku. In kin dawo kar ki kwanta, ki ware masu tauri gefe na salad, wadanda suka fara laushi ki wanke ki markada da tattasai da albasa ki zuba a babbar tukunya ba murfi, ki barshi yayi ta tafasa har ruwan ya tsane ya koma ja sosai yana tsalle yana bata miki bango, ki zuba dan mai a kai, ya huce ki kulla a kananan ledoji daidai miya daya daya ki shimfida su a kwance a firiza don su dau wuri kadan. Ranar girki leda daya zaki ciro. Gas ma ya ragu don ba kullum zaki tsaya dafa danyen tumatir ba. Na biyu kaza. Ki sayi kwali na daskararriya, kar ki dafa guda a rana daya, ki yanka ta kanana, kirji na shinkafa, cinya na miya, wuya da fiffike da baya ki tara su a leda daban in sun taru ranar ki yi miyar kuka ko farfesu. Yaran yanzu an saba musu kowa da cinyarsa, wa ya ce dole ne

Maman Husna: Allah ya kara girma Iya, na gode. Firiza ce dai bamu da babba, ta saman tallaja (firij) ce kawai

Hajiya Iya Jarwal: Ki je Haraj, kasuwar kayan da aka yi amfani da su. Kullum akwai wanda ya yi khuruj niha'i, wato zai bar kasar gaba daya, yana neman rabuwa da kayansa. Amma ki tafi da wanda ya san kan abin

Bashir Kano: Ni fa ban yarda da wannan maganar ta sayen jumla ba gaskiya. Na gwada. Buhun shinkafa kilo 40 na ajiye nace wata uku, wata daya da rabi ya kare. In abu yana da yawa hannun mai girki nauyi yake, a dafa da yawa a zubar da saura. Sannan gidan Makka baya rabuwa da baki, yau dan kanin baba yazo umra gobe makwabciyar inna, kowa da lambarka a hannu, in suka ga buhu a jingine shikenan an samu masauki. Da nake sayen kilo 10 ana lallaba shi

Anti Rabi Madina: Bashir matsalarka ba buhu bace rashin ma'auni ne. Gwangwani daya nake da shi, na san uku ke isar mu da rana. Buhun yana karkashin gado, abin da ke kicin roba ce ta sati daya, ran asabar nake cika ta. In ta kare ran alhamis to ranar makaroni za'a ci ko adas

Bashir Kano: Ki fadawa madam tana cikin group din nan tana karantawa

Ummu Khalid Jidda: Kai kuma ka shiga kicin din mana ka auna

Abu Yasir mai mukayyif: Salam. Ni ɓangaren da na sani zan yi magana, wato wuta, don shekara da shekaru ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Jidda. Tun Janairun 2018 farashin gidaje halala 18 ne kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka halala 30 ne, sannan a ɗora VAT. Mukayyif na taga irin wanda yawancinmu ke da shi, in kwamfuresa tana aiki yana jan kusan kilowat biyu a awa. In ya yi awa 12 kullum, kilowat 720 ke nan a wata, kusan riyal 130 kafin haraji, guda ɗaya fa. Gida mai uku a kunne dare da rana a watan Yuli sai ku lissafa. Abin da nake gani a gidajen mutanenmu: an murɗe shi ƙarshen sanyi ana lulluɓa da bargo, filta ta toshe da ƙura har ta zama kamar tabarma, gefen akwatin akwai rami da hannu zai shiga zafi yana kwararowa. Ki zare filtar duk sati biyu ki wanke a banɗaki ta bushe ki mayar, minti biyar ne. Ramin gefe a cusa soso a liƙe. Mai rimot a barshi a 24. Da rana a tara yara a ɗaki ɗaya a kashe sauran, a sa labule mai kauri a tagar da rana ke duka. Sakhana kuma ta ruwan zafi, me take yi a kunne lokacin zafi, ruwan tanki da kansa yana ƙona hannu

Dan Maradi: Abu Yasir mu gidanmu mita daya ce shigga hudu, wato bangaren haya hudu, mai gida ke raba fatura ta wuta. Ko na kashe nawa banga canji ba

Abu Yasir mai mukayyif: Wannan ita ce babbar asara kuma mutane ba sa tambaya kafin su kama haya. Shigga huɗu a mita ɗaya lokacin zafi da sauƙi ku haura 6,000 ku faɗa layin halala 30, alhali da kowa da mitarsa babu wanda zai kusanci wajen. Kuma kowa yana cewa ai rabawa za a yi, babu mai kashewa. Duk mai neman gida tambayar farko ita ce addad mustaƙil ne ko mushtarak, wato mita taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka. Gara ka ƙara ɗari a haya ka samu naka

Ummu Khalid Jidda: Wa ya samu zabi lokacin hadad, wato rusau. Da aka rushe unguwanninmu a 2022, Sabil da Gulel da Karantina da Kandara duk mutane suka watse lokaci daya, duk inda ka samu daki kamawa kake ko mita goma ce a hade, hayar ma ta tashi. Mu har yau bamu koma daidai ba

Sani Direba Riyad: Mu nan Riyad a Satumban 2025 an dakatar da karin haya na shekara biyar. Amma sai da ta gama hawa aka tsayar da ita. Abin da ya taimake ni ni dai metro ne, tikitin riyal 4, ranar da bani da aiki bana taba mota. Ku ma na Makka kuna da bas ai. Sannan masu mota, in motarka 91 take sha kar ka zuba mata 95 don burga, 2.18 da 2.33 ne lita, baya kara mata komai. Babban mai cin kudin direba ma ba mai bane, Sahir ne, kyamarorin titi masu yanka tara. Rike waya kana tuki mukhalafa, wato tara, daga 500 take farawa, cefanen sati biyu kenan saboda ka amsa "kana ina"

Maman Husna: Wlh wannan ta taba samun baban Husna, sati guda baya magana a gidan

Zee Madina: Ni abin da nake yi shine bin urud. Duk sati manyan kantuna suna fitar da takardar ragi, Panda, Othaim, Bin Dawood, Lulu, duk ina dubawa a waya in ga inda mai da madara da pampas suka fi sauki. Sannan manyan kaya ina jira sai lokacin yaumul watani (ranar kasa) 23 ga Satumba ko yaumut ta'asis (ranar kafuwar kasa) 22 ga Fabrairu ko ragin Sha'aban kafin azumi. Gassalata, wato injin wanki, a haka na saya

Anti Rabi Madina: Zee urud din nan ni tsoronsa nake. An rage miki riyal biyar a galan din mai, kin shiga da keken turawa da yara biyu kin fito da cakulan da kofuna da wani abin yanka albasa da ba zaki taba amfani dashi ba. Kuma kin biya mota zuwa da dawowa. In za'a je a rubuta a takarda, a ci a koshi kafin a fita, a bar yara a gida, a dauki tsabar kudi daidai a bar katin banki na mada a jaka. Shagunan abu khamsa ma haka, komai biyar komai biyar sai kiga dari ta tafi

Zee Madina: Anti ai ni ina rike kaina

Anti Rabi Madina: Ke da na gani da tukunyar wuta ta uku

Zee Madina: Hhhhh wannan kashi hudu na biya ba'a ji ba

Malam Habu Jami'a: To ga wata ƙofar kuma. Wannan biya kashi huɗu da ya cika wayoyi, ban shiga hukuncinsa ba, malamai sun yi bayani kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Ni abin da na lura shi ne daftarin mai bagala ne ya sa sabuwar riga. Abu na 400 sai ya zama 100 a idonka, ka ɗauki wannan ka ɗauki wancan, wata mai zuwa albashi na shigowa saƙonni huɗu sun cire nasu kafin ka kai gida. In firiza ce ko injin ɗinki da zai dawo da kuɗinsa, da sauƙi. Amma turare da takalmi?

Bashir Kano: Malam ka taba inda yake min ciwo

Hajiya Iya Jarwal: Duk naji abin da kuka ce, na tumatir da na wuta duk gaskiya ne amma kanana ne. Bari in fadi wanda ba'a so. Abin da ke cinye kudin Bahaushe a kasar nan kunya ce. Ana biki a istiraha, wajen taro, an fitar da anko, ke baki da na haya amma sai kin yi don kar a ce. Kin kai gudummawa dari biyu don ita ta kawo miki dari biyu shekara hudu da suka wuce lokacin mijinki yana da aiki biyu. Bako yazo umra kin yi masa kabsa da rabin rago, zai tafi kin hada masa dabino da jallabiya da turare da carbi da abaya ta matarsa, shi da ya biya miliyoyi ya hau jirgi ke da ko kudin igamar yaranki baki hada ba. Ni yanzu duk wanda yazo abin da muke ci shi zai ci, in ful da tamis ne bismillah, tsaraba kuma dabino kilo daya da addu'a. Wadanda suka ji haushi sun daina zuwa, wadanda don Allah suke zuwa suna nan

Ummu Khalid Jidda: Iya ke girma ya kare ki. Ni in nayi haka kafin jirginsu ya sauka Kano labari ya riga su, a ce matar wane ta hana shi alheri

Hajiya Iya Jarwal: Za'a fada ko kin yi ko baki yi ba yar nan. Ki zabi wanda za'a fada kina da kudin haya a hannu

Dan Maradi: Iya ta gama magana. Kuma babban shine na gida. Ni dai wlh wayata in ta yi kara da lambar gida gabana faduwa yake. Suna daya, rashin lafiya biyu, taki, kudin makaranta, wani zai yi aure na biyu wai in taimaka. Su a ganinsu duk wanda ke Makka shebur yake sa wa riyal

Bashir Kano: A'a fa, nan kuma ban bi ku ba. Me ya kawo mu kasar mutane in ba don na gida ba? Tunda aka cire tallafin mai a 2023 aka saki naira kun san halin da ake ciki. Riyal dari da kake rainawa a nan can buhun wani abu ne. Ka rage cin kaza ka turawa mahaifiyarka, ba wai ka rage na mahaifiya ba. Ni ko zan kwana da yunwa ba zan taba na Hajiyata ba

Dan Maradi: Wa ya ce maka na mahaifiya? Kar ka juya min magana Bashir. Na tsohuwa daban yake ko bashi zan ci. Ina maganar kato mai lafiya da ke zaune a majalisa yana turo maka "yaya a taimaka da na data"

Bashir Kano: Shima dan uwanka ne

Dan Maradi: To ka bani lambarka in tura masa

Admin: Jama'a a sassauta dan Allah, shawara ake ba fada ba

Malam Habu Jami'a: Ku biyun ba ku saɓa ba sosai. Iyaye da mata da 'ya'ya wajibi ne, sauran ihsani ne gwargwadon hali, kuma aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana ƙunƙune hannu ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Abin da ya yi mini aiki shi ne yanka adadi. Na kira babban wanmu na ce ga abin da zan iya duk wata, rana kaza zai shigo, a hannunka, na Inna kaza, ragowar duk mai buƙata ya same ka. Wanda ya kira ni sai in ce ka ga Yaya. Watannin farko an yi fushi, yanzu an saba, har sun fi samun natsuwa don sun san ranar da zai zo. Kuma turawa sau ɗaya ta fi sau biyar, kowace hawala da kuɗinta. A riƙa duba nawa zai isa hannunsu can, ba kuɗin turawa kaɗai ba, wani wajen ba ya cajin komai amma ya danne ka a canji. Riyal a ɗaure yake da dala a 3.75, naira ce ke rawa, don haka a kwatanta wuri biyu uku a ranar. A kuma bi ta hanyar da hukuma ta sani, na bayan fage in kuɗi ya ɓace ba inda za ka kai ƙara, kai ma kana iya shiga matsala

Maman Husna: Malam wannan zan nunawa baban Husna. Don gaskiya 500 din da nace na ka'ida ne kawai, tsakiyar wata sai an sake kira sau biyu sau uku kuma baya iya cewa babu, daga kudin cefane ake cira. Ni kuma in nayi magana kamar ina hana shi yiwa danginsa

Anti Rabi Madina: Kar ki ce masa ya rage. Ki dau littafi ki rubuta duk riyal din da ya fita wata guda, har na fus-ha din yara, wato kudin kashewa a makaranta, da ruwa da kubz (burodi), ki ajiye masa a gaba da shayi bayan isha ki tashi ki basu wuri shi da littafin. Maza basa jin magana amma suna jin lamba

Sani Direba Riyad: An dai samu damar zagin mu yau

Zee Madina: Maganar fus-ha ta tuna min, yara uku kowa riyal uku kullum na magsaf, kantin makaranta, ya kusa dari biyu a wata. Ni samuli nake saya in shafa musu jubna ko kwai, ruwa a gora. Lemon gwangwani kuma na daina ajiyewa tun da aka sa masa harajin nan na kashi 50 a 2017, karkade nake dafawa jarka guda in sa citta da kanumfari, ai zobonmu ne. Ruwan sha ma jarkar tahliya, wato tataccen ruwa, muke cikawa ba kwalin robobi ba

Ummu Khalid Jidda: Ni tambayata haya. Wata shida na zagayowa kamar jiya aka biya. Ya kuke hada ta?

Hajiya Iya Jarwal: Jam'iyya, wato adashi. Mu goma ne shekara da shekaru, kowa ta san watan hayarta shi take dauka

Dan Maradi: Adashi kuma? Allah ya kiyaye. An taba yi damu mu takwas, wanda ya dauki na biyu aka kama shi ba igama aka yi tarhil dinsa, aka mayar da shi kasarsa, shikenan kowa ya rungumi sorry. Ba ma cin amana yayi ba, kaddara ce, amma kudin sun tafi

Hajiya Iya Jarwal: Shi yasa ba'a yi da wanda ba'a san gidansa ba. Sabon shiga karshe yake dauka, wannan ka'ida ce tun ta iyayenmu. Wanda takardunsa basu cika ba shima karshe. Uwar adashi kuma ta zama mai abin hannu wadda in an samu gibi zata cike

Abu Yasir mai mukayyif: Wanda ba ya son jam'iyya ya buɗe wani asusu ko mahfaza, wato lalitar kuɗi, a waya wadda ba ya yawo da katinta, ranar albashi kafin ya sayi ko ruwa ya tura na haya da na murafiƙin can. Sannan a gwada yi wa mai gida magana, a Ejar, manhajar hukuma ta yarjejeniyar haya, ana iya rubuta biya wata wata ko wata uku uku in ya yarda. Igama ma yanzu ana sabunta ta wata uku uku, ba dole sai ka haɗa na shekara a dunƙule ba. Mu masu aikin hannu kuma mu tuna aiki lokaci gare shi, ni daga Mayu zuwa Satumba waya ba ta hutawa, Disamba ko ƙuda. Na Makka kuma Ramadan da Hajji ne kakarsu, Muharram da Safar a zauna. Wanda ya cinye na kaka a kaka shi ke buɗe daftari

Anti Rabi Madina: Iya ke da kike da hanya, ina ake samun kuka da daddawa da sauki? Nan abin ya zama zinare

Hajiya Iya Jarwal: Ai ga amfanin bakin umra. Duk wanda ya kira yace zai zo me zai kawo miki kar ki ce "ba komai Allah ya kawo ku lafiya". Ki ce kuka da kubewa busasshiya da daddawa da yaji, a daka a kulle da kyau. Jakarsu ba komai suke zuwa da ita don su cika ta a nan. Gero kuma akwai dukhun wajen masu attara, masu sayar da kayan kamshi, tuwo ki yi da samid ko garin masara

Bashir Kano: To ni ina da shawara tunda an ce bana son jumla. Nama. Me zai hana muyi watanda kamar gida? Kilo a wajen mai gidan nama yayi tsada, amma in mutum biyar suka hada suka sayi rago barbari ko sawakini a kasuwar dabbobi aka yanka a maslakh, wato mayanka, aka raba kashi kashi ai kowa zai samu na wata. Ba na'imi ko harri ba, wadannan na masu kasa ne

Sani Direba Riyad: Yanzu kayi magana. Da ina kusa da na shiga

Maman Husna: Mu a sa mu kashi daya in dai bayan albashi ne

Ummu Khalid Jidda: Jidda fa? Ko mu hada namu daban, Abu Yasir kana da mota

Abu Yasir mai mukayyif: Motar cike take da silinda da tsani amma za a samu wurin rago. Sai dai juma'a bayan la'asar

Bashir Kano: Na Makka zuwa yanzu ni, gidan Maman Husna, Dan Maradi in yana so, Iya kashi nawa?

Hajiya Iya Jarwal: Biyu, da na gidan diyata. Amma ba kai zaka zabo dabbar ba Bashir, ka tafi da jikana ya san taba kwibi, kai za'a hada ka da mai kitse. Kuma a auna da kilo a gaban kowa, tsoka daban kashi daban kayan ciki daban

Dan Maradi: Na shiga. Kai da kafa na wa?

Hajiya Iya Jarwal: Nawa ne, ni ce babba

Dan Maradi: Iya ai a watanda kuri'a ake

Bashir Kano: Wanda ya zuba man mota shi ke da kai, Iya ta dauki kafa. Kowa ya turo kudinsa kafin laraba, wanda bai turo ba zan sa wani